Kakar Aro

Ranar da Kaka ta saka takalminta a cikin firji kowa a gidan ya yi dariya, har ita kanta. Jikarta ce ta gano shi, wadda Kaka ta laƙaba wa suna Kanari saboda bakinta ba ya hutawa. Ta buɗe firjin za ta ɗauki ruwa, sai ga silifas ƙafa ɗaya a zaune kusa da ƙwai.

"Kaka, takalminki zafi yake ji ne?"

Kaka ta leƙo, ta dubi takalmin, ta dubi ƙafarta.

"To wa ya ce miki takalmi ba ya jin zafi? Yini yake yi a ƙasa, ba mai tausayinsa."

Uban Kanari, ɗan Kaka tilo, mai zane ne. Ya daɗe yana zana hotunan littattafan firamare, akuya da kujera da yaro riƙe da ƙwallo, ba wanda ya taɓa tambayar wanda ya zana su. A ranar yana zaune a falo, ya jawo takarda ya zana tsohuwa mai tabarau da yarinya mai ƙananan kitso suna leƙen firji. Washegari ya zana su suna neman tabarau ɗin, alhali yana bisa hancin tsohuwar. Likita ya riga ya gaya musu gigin tsufa ne ya fara kama ta, ba ya warkewa, sai dai haƙuri da lallashi. Mai Zane ya ɗauki maganar likita ya sassauta ta yadda yaro zai gane, ya jera a ƙarƙashin hotunan.

Haka littafin Takalmin Kaka a Firji ya fito. A shafin ƙarshe yarinyar tana zaune a gefen gadon kakarta, an rubuta da manyan baƙaƙe: "Idan Kaka ta manta sunanki, kada ki ji haushi. Zauna kusa da ita, ki riƙe hannunta."

Makarantu suka saya. Iyaye suka saya. Editar kamfanin da ya buga littafin ta riƙa kiransa a waya tana ce masa ya share hawayen gidaje da yawa. Aka fara gayyatarsa yana karanta wa yara, yana saka farar riga, yana sassauta murya idan ya zo shafin ƙarshe. Kafin a ce me, sun bar gidan haya sun koma wata sabuwar unguwa mai dogayen katangu, inda maƙwabci ba ya sanin maƙwabci sai ta ƙarar mota.

A sabon gida an ba Kaka ɗaki mai faffaɗar taga kusa da falo. Ba ta daɗe a ciki ba Mai Zane ya lura duk gidan babu inda hasken safe yake shiga kamar nan.

"Inna, na ɗan lokaci ne," in ji shi, yana naɗe mata katifa. "Kafin in gama littafi na biyu. Ɗakin bayan kicin ya fi shiru ma, za ki fi samun barci."

Ɗakin bayan kicin an gina shi ne don buhuna da tsofaffin kaya. Tagarsa ƙarama ce, can sama kusa da rufi. Kaka ta tsaya a tsakiyarsa da 'yar jakarta a hannu.

"Yaushe za mu koma gida?"

"Nan ne gida, Inna."

"To," ta ce. Ta zauna bakin katifa ba ta ajiye jakar ba.

Tsohon gida ƙafarta ta san shi ko kanta ya manta. Sabon kuwa duk ƙofofinsa iri ɗaya ne. Takan fito neman banɗaki ta buɗe wannan ta buɗe wancan, kafin ta dace abin ya zubo. Maman Kanari, wadda ke aiki a ofis ta dawo a gajiye, ita ke sharewa. Da farko tana sharewa tana cewa ba komai. Daga baya tana sharewa ba ta cewa komai.

Wata rana da hantsi Mai Zane ya fita sayen fenti ya bar ɗakin aikinsa a buɗe. Kaka ta shiga, wataƙila ƙafarta ta tuna nan ne ɗakinta. Ta ga takardu a baje bisa tebur duk launi ya ɓata su. Mace ce mai tsafta tun tana yarinya, ta jiƙa tsumma ta goge su tas. Da ya dawo ya tarar da ita tana murmushi, fuskar Kakar cikin littafi kuwa ta narke ta zama tabo ruwan ƙasa.

Bai yi mata tsawa ba. Shi fa ya rubuta cewa ba a yi musu tsawa. Ya kama hannunta ya kai ta ɗakinta, da yamma ya kira kafinta ya saka sakata da kwaɗo ta waje.

"Don lafiyarta ne," ya ce wa matarsa. "Yau takarda ce, gobe gas ne."

"Ni ma abin da nake tsoro ke nan," in ji ta.

Kanari ce kaɗai ba ta ga bambanci ba. Tana dawowa makaranta za ta ɗauko mabuɗi a saman firji ta taka kujera ta buɗe, su zauna suna wasan shago, Kaka ce mai kanti, ita ce mai saye. Wata rana Kaka ta miƙo mata guntun sabulu ta ce biskit ne, na masu kuɗi. Kanari ta kai bakinta tana yi kamar tana ci, tana cewa a ƙaro mata. Daidai nan uwarta ta shigo.

Daga ranar mabuɗi ya koma cikin jakar Maman Kanari.

"Amma Mama, wasa muke yi, ban ci ba."

"Yau ba ki ci ba. Ki bari sai ta ji sauƙi."

"Baba ya rubuta ba a jin sauƙi."

"To ki je ki tambayi Baban."

Baban yana aiki, ya rufe ƙofa.

Sai Kanari ta koma zama a ƙasa a bakin ƙofar, littafin a cinyarta, tana karanta wa Kaka da ƙarfi. In ta zo shafin ƙarshe sai ta kwanta rub da ciki ta zura yatsunta ta ƙarƙashin ƙofa. Wani lokaci Kaka takan kama su. Wani lokaci takan ce, "Wace ce?" Da wari ya fara fitowa ta wannan kafar yana kaiwa kicin, aka kira kafinta ya ƙara buga katako a ƙasan ƙofar.

Akwai mutum ɗaya da take zuwa domin Kaka, ba domin littafi ba. Tsohuwa ce da kowa ke kira Mai Lema, domin ko rana ko hadari ba a ganinta ba baƙar lema a hannu. Ita da Kaka sun ƙare ƙuruciyarsu a shagon ɗinki ɗaya, keke kusa da keke, sun yi faɗa sun shirya har sun gaji da ƙirgawa. A bayanta Mai Zane ya yi barci sau da yawa yana jariri, shi ya sa yake ce mata Gwaggo. Mota biyu take shiga kafin ta iso sabuwar unguwa.

Zuwanta na farko an fito da Kaka tsakar gida. Kaka ba ta kama sunanta ba, amma tana ganin lemar ta fashe da dariya.

"Har yanzu ba a yi ruwan ba?"

"Ke dai zauna, ranar da za a yi za ki roƙe ni."

Suka zauna suna caccakar wata mata da ta taɓa kawo musu yadi ƙarami ta ce a fitar mata da riga da zane da ɗankwali. Kaka ta tuna launin yadin, ta tuna har hular mijin matar. Ta ci abinci da hannunta ranar, ta cinye. Amma da Mai Lema ta tashi tafiya sai Kaka ta ɗauko jakarta ta bi ta, aka riƙe ta a bakin get, aka mayar da ita ɗaki. Ta yini tana bugun ƙofa tana cewa za a rufe shago ba ta gama ɗinkin mutane ba. Mai Zane bai zana ko layi ɗaya ba ranar.

Zuwa na gaba a bakin get ya tare ta.

"Gwaggo, likita ya ce baƙi suna ruɗa ta."

"Ni ce baƙuwar?"

"Ba haka nake nufi ba. In kin tafi ita ke shan wahala. Ki ɗan ba ta lokaci."

"Wane likitan ne? In je in ji da kunnena."

"Ba ki san shi ba, sabo ne."

Sabo ne ƙwarai, domin tun da suka tare a gidan babu likitan da ya ga Kaka. Mai kemis ɗin bakin titi ne yake ba da wasu ƙananan ƙwayoyi, in aka narka a shayi bugun ƙofa yakan tsaya. Mai Lema ta miƙa ledar lemo da ayaba ta juya. Ta sake dawowa, aka ce Kaka tana barci. Ta sake dawowa, aka ce an fita da ita. Daga nan mai gadin layin ya san ta, yana hango lemar yake cewa ba kowa a gidan.

A cikin wannan shirun aka gama littafi na biyu, Kaka da Ƙawarta. Labarin tsohuwa ce mai baƙar lema da take zuwa kullum da yamma, ko Kaka ta gane ta ko ba ta gane ta ba. Ya zana lemar da kyau, har da ƙarfen da ya lanƙwashe. Edita ta ce wannan ya fi na farko, ta ce ta yi kuka a ofis.

Kaka kuwa ta daina tambayar yaushe za a koma gida. Maman Kanari takan ajiye mata kwano da safe kafin ta fita aiki, ta dawo ta ɗauke shi kusan yadda ta ajiye. Ba wai Kaka ba ta jin yunwa ba ne, cokalin ne ta manta abin da ake yi da shi, kuma ba mai lokacin zama ya tuna mata. Wanka ya koma na ƙarshen mako, daga baya ya koma sai in an samu hali. An shimfiɗa leda bisa katifa. Mai Zane yakan tsaya daga bakin ƙofa da safe ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" In ya ji motsi ya ce madalla ya wuce.

Sai ga waya daga Edita. Wani gidan talabijin mai shirin iyali yana so ya zo gida ya ɗauki marubucin da 'yarsa, da kuma ita Kakar ta gaske. Ta ce dama ce da ba a samu sau biyu.

Ranar ce Mai Zane ya shiga ɗakin sosai, ya kunna fitila ya duba. Kaka ta kare idonta da hannu. Hannun ya zama kamar sanda. Gashinta ya cuɗe, leɓenta ya tsage, a ƙugunta akwai gyambon kwanciya da ya manne da zane. Ya tsaya yana numfashi ta baki. Hawaye ya zo masa, na gaske, ya goge. Ya fito ya mayar da kwaɗo.

"Ba za a nuna ta haka ba," ya ce wa matarsa. "Uwata ce. Ba zan tozarta ta a gaban duniya ba."

"To ka ce musu ba ta da lafiya."

"Sai su ce za su ɗauke ta a kwance, ya fi taɓa zuciya."

Can ya ce, "Mutane ba fuskarta suke buƙata ba. Saƙon suke buƙata. Kin san gidaje nawa littafin nan ya gyara?"

Washegari ya shiga mota ya nufi tsohuwar unguwa da kwandon 'ya'yan itace. Mai Lema tana zaune a gidan 'yarta tana tsinke zaren wata tsohuwar riga. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

"In zama uwarka," in ji ta.

"Ai dama uwata ce ke, Gwaggo. Ba sai kin ce komai ba. Ki zauna ki yi murmushi, shi ke nan."

"Ita taka uwar fa, murmushin ya ƙare mata ne?"

"Kunya take ji. Kin san ta da kamara."

Mai Lema ta dube shi har ya sunkuyar da kai.

"Zan zo. Amma sai na gan ta."

"Ana gamawa."

"Kafin a fara. In ba haka ba ka nemi wata tsohuwar, ai ba mu ƙare a gari ba."

Ranar ɗaukar shirin, ma'aikata suna jan wayoyi a falo suna kafa fitilu, Maman Kanari ta shigo da Mai Lema ta ƙofar kicin, ta buɗe kwaɗon ta ce ta yi sauri. An zuba turare a ɗakin, amma turare bai iya ba. An kuma ninka wa Kaka ƙwayar tun da safe don kada ta yi bugu. Tana kwance idonta rabi a buɗe.

Mai Lema ta durƙusa da ƙyar ta ɗaga mayafin, ta mayar. Ta kira ta da sunan tsokanar da suke kiran juna a shago. Ta ɗaga lemar ta nuna mata. Kaka ta dubi lemar kamar yadda ake duban bango.

"Baiwar Allah," ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "fita za ki yi?"

"Fita zan yi."

"Don Allah in kin ga ɗana ki gaya masa ina nan. Mai zane ne. Bai san inda aka kai ni ba, yana can yana nemana."

Maman Kanari ta leƙo ta ce ana jira. Ta ɗaura wa Mai Lema zanen Kaka mai kyau da ba a taɓa sakawa ba tun tarewa, ta ɗora mata tabarau irin na cikin littafi, ta karɓe lemar ta jingina bayan firji.

Aka zaunar da ita a tsakiyar doguwar kujera, Mai Zane a dama, Kanari a hagu cikin sabuwar riga, an riga an ja mata kunne tun daren jiya. Mai gabatar da shirin matashiya ce mai laushin murya. Ta tambayi Mai Zane yadda abin ya fara, ya ba da labarin takalmi, kowa ya yi dariya. Ta tambaye shi abin da ya fi wuya, ya ce ganin uwarka tana dubanka ba ta san ka ba. Sai ta juyo ta ɗan ranƙwafa.

"Sannu Kaka. Kin ji daɗin littafin da ɗanki ya yi miki?"

Mai Lema ta cire tabarau ta ajiye a cinya.

"Ni ba uwarsa ba ce."

Ta nuna ƙofar kicin da yatsa.

"Uwarsa tana can bayan kicin, an kulle ta da kwaɗo. Jikinta duk gyambo. Ku tashi ku je ku gani, ga hanya nan. Ni ƙawarta ce, aro na aka yi."

Idanu duka suka koma kan Mai Zane. Amma ya tsaya a gaban yara sau da yawa, ya san abin da ake yi. Ya sauko daga kujera ya durƙusa a gabanta, ya kama hannunta da hannu biyu.

"Inna, ni ne. Ba komai. Ina nan."

Ya juyo ga kamara, idonsa ya yi ja.

"Kun gani ko? Haka ciwon yake. Wata rana ta ce ni ba ɗanta ba ne, wata rana ta ce an kulle ta, ko an sace mata kaya. Ba a musu da su. Hannu kawai ake riƙewa."

"Sake ni, maƙaryaci!" Ta fizge. "A bayana ka yi fitsari, yau ni za ka mayar mahaukaciya?"

"Ta tuna ta goya ni," in ji shi a hankali. "Abin da ya daɗe shi ne yake zama."

Mai gabatarwa ta sa gefen yatsa ta ɗauke hawaye don kada kwalli ya ɓaci. Ta juya ga Kanari.

"Ke fa, 'yar jikar Kaka? Yaya kike ji in ta yi haka?"

Kanari ta dubi uwarta da ke tsaye bayan fitila. Ta dubi ƙasa.

"Ba ita ce Kakata ba."

"Allah sarki," in ji mai gabatarwa, ta juya ga masu kallo. "Yara da yawa haka suke faɗa. Sukan ji kamar an canza musu kakar da suka sani. Shi ya sa littattafai irin waɗannan suke da muhimmanci."

Mai ɗaukar sauti ya ɗaga hannu ya ce yana jin wani ɗan ƙwanƙwasa daga ciki. Maman Kanari ta ce famfon kicin ne, sun gaji da kiran mai gyara. Aka rufe ƙofar kicin aka ci gaba.

Wannan guntun, inda tsohuwa take zagi ɗanta yana durƙushe riƙe da hannunta, shi ya fi yawo a wayoyin mutane. Aka sake buga littattafan biyu. Wata ƙungiya ta ba shi lambar yabo ta ɗa nagari.

Mai Lema ba ta zauna ba. Ta je ofishin 'yan sanda ta ce tana da ƙara. Wanda ke kan tebur ya dube ta, fuskarsa ta washe.

"A'a, Kaka ce! Ku kawo mata kujera."

Ya saurare ta har ƙarshe yana gyaɗa kai, ya sa aka kawo mata ruwa mai sanyi, ya riƙe hannunta kamar yadda ya ga an yi. Sannan ya nemo lambar kamfanin littafin, aka kira Mai Zane aka ce ya zo ya ɗauki mahaifiyarsa, ta fito ita kaɗai. Kafin ya iso ta sulale ta tafi. A tashar mota wata mata ta gane ta, ta hana ta shiga, tana tambayarta da ƙarfi ko ta san inda za ta. Mutanen tsohuwar unguwa da suka san gaskiya suka ce ai aikin talabijin duk shiri ne, wa ya san abin da aka ba ta. 'Yarta kuwa ranta ya ɓaci.

"Mama, kin je kin yi ihu a talabijin, yanzu kuma 'yan sanda? A wurin aiki ana tambayata ko lafiyarki ƙalau. Don Allah ki zauna a gida."

Ta fara kulle get in za ta fita aiki, don lafiyar uwarta.

Kaka ta rasu wata safiya, Kanari tana makaranta. Maman Kanari ce ta shiga da kwano ta fito da shi. Mai Zane ya shiga ya zauna a ƙasa kusa da katifar ya yi kuka mai yawa, ya riƙe hannun ya daɗe. Babu wanda zai ce kukan ƙarya ne.

Da ya fito ya wanke fuska sai matarsa ta ce, "Me za mu ce wa mutane?"

Nan ya tuna. Duk garin sun san Kaka, sun san fuskarta da muryarta, kuma Kakar da suka sani tana raye a ɗaya gefen gari. Edita ma ta riga ta sa hotonta a bangon bugu na gaba. In aka ce mahaifiyar marubuci ta rasu, 'yan jarida za su zo, za a nemi ganin gawa, wani zai haɗu da mamaciyar a tashar mota.

"A ce wata 'yar uwa ce ta nesa," in ji shi. "Tsohuwa, ba ta da kowa, muka ɗauko ta." Ya ƙara da cewa, "Inna ba ta son taro dama."

Haka aka yi. Aka kai Kanari gidan ƙanwar uwarta kai tsaye daga makaranta, aka ce mata hutu ne. Ba a aika wa Mai Lema ba, kada hankalinta ya tashi. Mutum kaɗan suka raka gawar, yawancinsu ma'aikatan maƙabarta ne da direban motar. Matar da ta yi shekaru tana taka keken ɗinki har gwiwarta ta lalace don yaro guda ya yi karatu, ta bar duniya a matsayin baƙuwar da aka yi wa alfarma. A ranar kuma, a ajujuwa da yawa, malamai suna ɗaga littafinta sama suna nuna wa yara yadda ake son kaka.

Da yamma maƙwabcinsu na jikin katanga, wanda ya ga motar ta fita, ya shigo gaisuwa. Dattijo ne mai kamala, karon farko ke nan da ya taka gidan. Ya zauna a falo bisa doguwar kujerar da ya gani a talabijin, ya yi addu'a, ya girgiza kai.

"Kai dai samun irinka sai an tona. Ga jinyar mahaifiya, ga kuma ta bare, ba wanda ya ji bakinka. Mu da muke maƙwabta ko tari ba mu taɓa ji ba. Na saya wa jikokina littafin nan, na ce su koya."

"Na gode," in ji Mai Zane.

Dattijon ya miƙe, Mai Zane ya raka shi har bakin get. Ya sa ƙafa waje, sai ya juyo kamar wanda ya yi mantuwa.

"Af, ban ma tambayi jikin mahaifiyarka ba. Kada a gaya mata rasuwar nan, ba za ta ɗauka ba. A gaida min Kaka."

Mai Zane ya riƙe ƙarfen get ɗin.

"Za ta ji," ya ce.